A katse sabis? Ku zo Sabon Birni ku faɗa mana haka a gabanmu

1/ Zare ne mai tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare 🧵

Duk ranar da aka kai hari a gabashin Sakkwato, tun ba a dawo daga maƙabarta ba sai wani ya fito nan ya rubuta: "Gwamnati ta katse sabis kawai a gama da su." A yi ta yi masa tafi ana yaɗawa. In ka duba, daga Abuja yake rubutun ko Kano, sabis ɗinsa cike taf.

2/ Ni ɗan Sabon Birni ne, waya da kwamfuta ne abincina, kuma a jikinmu aka gwada wannan magani. Yau zan amsa muku gaba ɗaya in huta da bin ku ɗaya-ɗaya. Wanda ya ji haushi ga fili nan, amma ya karanta har ƙarshe tukuna.

3/ Mu fara da abin da ya faru, don wasunku suna ƙaramar sakandare lokacin. Ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a jihar Zamfara baki ɗaya. Aka ce na mako biyu ne a karon farko. Mako biyun nan ya yi ta haihuwa, a mafi yawan jihar har ya kusa wata uku.

4/ Katsina ta bi da ƙananan hukumomi 13. Kaduna ma ta rufe wasu. Ranar 20 ga Satumba Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da rufe ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Sakkwato. Sabon Birni na ciki, Isa na ciki, Goronyo na ciki. Kafin nan an riga an rufe hanyar Isa zuwa Marnona, an hana sayar da mai a jarka.

5/ Hujjar da aka bayar ita ce ɓarayin daji da waya suke shirya hari, da waya infoma ke ba su labari, da waya ake cinikin kuɗin fansa. Ba zan ce ƙarya ba ce. Infoma gaskiya ne, kowa a garinmu ya sani. Abin tambaya shi ne, da aka kashe, wa ya rasa waya, mu ko su?

6/ Kwana huɗu ko biyar da sanarwar, aka auka wa sansanin jami'an tsaro a Burkusuma, aka kashe jami'ai da dama. Ranar 8 ga Oktoba aka shiga kasuwar Unguwar Lalle aka buɗe wuta. Ranar 17 ga Oktoba kasuwar Goronyo, mutum 43 a lissafin gwamnati da kanta. Duka ukun a cikin yankin da aka ce an toshe wa ɓarayi baki.

7/ Na Goronyo ma sai washegari duniya ta ji sosai. 'Yan jarida da kansu sun rubuta cewa rashin sabis ya hana su tantance labari. Mutumin da ke Sakkwato ko Legas yana da uwa a garin, ba shi da hanyar sanin tana raye ko ba ta raye sai ya shiga mota.

8/ Ku da ke birni ba ku san aikin waya a ƙauye ba. Kuna ganin ta TikTok ce da hira. A wajenmu ita ce gangar yaƙi. Wani a ƙauyen gaba zai kira: "Sun fito, babura da yawa, sun yi yamma." Minti goma ke nan ka samu. A minti goma ana kwashe mata da yara, ana kora shanu, ana shiga gero a kwanta.

9/ Ka cire wayar, minti goman ya tafi. Ƙarar babur ce za ta zama sanarwarka, in ka ji ta kuwa sun riga sun iso. Wanda aka harba, da wa zai kira mai mota? Mai naƙuda da dare fa? Soja yana da rediyonsa, to mai noman da ya hango su daga gona da me zai sanar da sojan?

10/ Wannan darasin ma tsoho ne. A Mayu 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse waya a Borno da Yobe da Adamawa. Ranar 6 ga Yuli aka kashe mutum 42 a makarantar sakandaren Mamudo kusa da Potiskum, yawanci ɗalibai. Gwamna Ibrahim Gaidam da bakinsa ya roƙi a maido da sabis, don mutane sun kasa kiran agaji. Shekara takwas bayan haka aka ɗauko takardar aka karanta mana ita daga farko.

11/ Yanzu bari in ɗan shiga aikina, ku yi haƙuri. Ƙarfen sabis rediyo ne, ba wani tsafi. Yana watsa igiya, wayarka ta kama, ta amsa masa. A zangon 900 MHz, wanda ake yawan amfani da shi a karkara, igiyar tana tafiya nesa, musamman a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin tamu da ba dogayen gine-gine. A tsarin 2G na asali turke na iya riƙe waya har kilomita 35.

12/ Igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan. Ba ta da fasfo, ba ta san Turawa sun ja layi ba. Sabon Birni a bakin iyaka take. Tsallake kaɗan ƙasar Gidan Rumji ce da Tsibiri da Bangi, kuma turakun Nijar ba su karɓar umarni daga NCC. Airtel ta Nijar, Moov, Zamani, suna nan suna aikinsu.

13/ Mu dama can rabinmu a can yake. Sarautar Gobir tana Tsibiri, kufan Alkalawa yana nan wajenmu, kakar wani tana Maraɗi. Layin +227 tsohon abu ne a aljihunmu. Da aka kashe +234, sim ɗin Nijar ya zama kaya mai tsada, kowa na neman tudu ko reshen iccen da ake kama sanda ɗaya.

14/ To wa ya fi iya kaiwa tudun? Tsohuwar da ba ta da ko jaki, ko mutumin da ke da babur da mai da bindiga, kuma dajin nasa ne? Shi yana zuwa lokacin da ya so. Ita kuwa sai ta bi ta hanyar da yake tsaye.

15/ Kuma a cikin daji ba su dogara da sim kaɗai ba. Akwai oba-oba, wadda ba ta buƙatar turke ko ɗaya, daga wannan zuwa wancan take magana. Mai kuɗi a cikinsu yana iya riƙe wayar tauraron ɗan Adam irin Thuraya. Saƙon haraji kuwa ɗan aike ke kawo shi ƙauye, da baki ko a takarda. Ku gaya mani wane turke za a kashe a hana ɗan aike tafiya.

16/ Ga inda abin ya fi ƙona mani rai, nan nake so masu "a katse" su tsaya. Duk wayar da ke kunne tana gaya wa kamfani inda take. Dole ne, in ba haka ba kira ba zai same ka ba. Kamfani yana da rajistar wane layi ya kira wane, ƙarfe nawa, minti nawa, daga wane turke. Ita kanta wayar tana da lambarta ta IMEI. Danna *#06# ka ga taka. Ko ka canza sim, wannan lambar ba ta canzawa.

17/ Ma'ana, ɓarawon da ke kiran dangin mutum yana cinikin fansa, sawu yake bari duk lokacin da ya danna kira. A karkara sawun bai kai na birni kaifi ba, tunda turke ɗaya ke riƙe da fili mai faɗi. Amma zai nuna yanki, zai nuna lokaci, zai nuna waɗanda yake yawan kira a cikin gari. Nan infoman yake, a cikin jerin nan.

18/ Doka ma akwai. Tun 2019 NCC ta fitar da ƙa'idar sauraron sadarwa bisa izini ga jami'an tsaro. Tun Disamba 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka sa mu layi a rana don haɗa NIN da sim, aka ce don a kama masu garkuwa ne. A Afrilu 2022 aka toshe wa miliyoyin layuka kira. Mun yi duk abin da aka ce.

19/ Sai ka tara wannan rumbun bayanai duka, ka kashe turken da ke cika shi, ka tura kowa kan sim ɗin wata ƙasa wanda rajistarsa ba ta hannunka. Mafarauci ne ya share sawun naman da tsintsiya, ya dawo gida yana cewa ya hana shi tafiya. Aradu ban taɓa ganin irin wanga lissafi ba.

20/ Yau kuma abin ya fi 2021 wuya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai dangantaka ta yi tsami, an rufe iyaka watanni, kuma a Janairu 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. In ka kora kiran ɓarayi zuwa turakun can, wa za ka rubuta wa ya ba ka rajistar? Cikin kwana nawa zai amsa?

21/ Wannan ɓangaren jini ke nan. Akwai ɓangaren aljihu, wanda ba ya shiga labarai saboda ba gawa a ciki. Rufe sabis ya koya wa mutanenmu ɗabi'un da har gobe 'yan damfara suke cin riba da su.

22/ Kawuna ya ja ni gefe a lokacin, ya ce: "Kai yaro, kai da ka san kan abin nan, ga katin, ga lambar na sa an rubuta a takarda. Ba direban Sakkwato ya ciro mani dubu ashirin." Na ce: "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, wannan lambar ko ni bai kamata in gani ba." Ya dube ni ya ce: "To mi za mu ci? Lambar?"

23/ Kuma shi ke da gaskiya. POS ba ya aiki sai da sim. Lambar USSD ta banki ba ta tafiya sai da sabis. Kuɗin da ɗansa ya turo daga kudu yana cikin asusu, hatsi yana kasuwa, tsakaninsu babu gada. Sai ka ga direba ɗaya da katin mutum goma sha a aljihu, kowanne an naɗe shi da takardar lambarsa. Mafi yawansu masu amana ne. Amma ɗaya ya isa.

24/ Mun yi shekaru muna wa'azin "kada ka ba kowa lambar sirrinka". Rufe sabis ya rushe shi. Yanzu dattijo ya saba miƙa kati da lamba, ya saba miƙa waya a karanto masa OTP. Ranar da wani ya kira da murya mai daɗi ya ce daga banki yake, za a rufe BVN in ba a karanto lambar da ta shigo ba, me kake zato zai yi?

25/ Ga wani kuma. Layin da ya daɗe ba a kira da shi ba, ba a sa masa kati ba, kamfani yana da damar karɓe shi daga baya ya sayar wa wani. Mutum ya yi gudun hijira Gidan Rumji, ya koma layin Nijar, tsohon sim ɗin yana cikin ƙullin kaya. Amma shi ne a jikin asusun bankinsa da WhatsApp da Facebook. Wani baƙo a wata jiha ya sayi lambar, alat ɗinka a wayarsa yake sauka, lambar shiga ma haka.

26/ Sai alat na bogi. Ɗan kasuwa ya ɗora wake ko albasa, mai saye ya nuna masa hoton rasit a waya ya ce "na tura, sabis ne ya riƙe". Ina zai duba? A inda sabis ke da ƙarfi wannan damfarar ba ta wuce minti ɗaya, ka buɗe manhajar banki ka gani. A wajenmu "sabis ne" ta zama rigar da kowane maƙaryaci ke sawa, tunda sau da yawa gaskiya ce.

27/ Wayoyinmu kansu fa? Wanda sabis bai ishe shi aika saƙon murya ba, ina zai sauke sabuntawa mai nauyin megabait ɗari biyu? Sai Xender. Abokinka ya tura maka, shi ma wani ya tura masa, ba wanda ya san asalin inda ta fito. GB WhatsApp, manhajar banki ta shekara biyu baya, wata wai ta "tallafin gwamnati" mai neman BVN.

28/ Sabuntawar nan da kuke dannawa "anjima" faci ce ake yi wa ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano. Wayar da ba ta samun faci ɗaki ne da kowa ya san inda katangarsa ta tsage. Yankin da aka bari da sabis mai rauni, yanki ne guda na irin waɗannan ɗakunan. Amma in an kwashe wa mutum kuɗi, sai a ce jahilcinsa ne.

29/ Wani zai ce ai an maido da sabis, me ya kawo tone-tone? To ka zo ka gani. Akwai katsewar da gwamna ke sanarwa a rediyo, akwai wadda ba mai sanarwa, kuma ita muke ciki kusan kullum.

30/ Turke a ƙauye janareta ke riƙe da shi. Janareta sai da gas. Gas sai mota ta kawo, motar sai ta bi hanyar da direba ke tsoro. Abu ya lalace, injiniya ya ce ba zai zo ba sai da rakiya, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali. Batura kuwa ɓarayin gari na jiransu.

31/ Ƙarin matsala, yawancin turakun karkara a jere suke kamar raƙuma a ayari. Ka lura da wani farin abu kamar ganga a jikin ƙarfen? Shi ke harba saƙo zuwa turke na gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa, har a kai inda wayar fiba take. Ɗaya ya mutu a tsakiya, duk na bayansa sun mutu, ko da janaretansu na ruri. Za ka ga sanda huɗu a waya, kira ba ya fita.

32/ Duk wanda ya karanci sadarwa ko na zango ɗaya ya san ƙa'idar: abu mai muhimmanci ba a ba shi hanya ɗaya. A yi masa biyu, in ɗaya ta yanke a bi ɗayar. A Legas suna yi. A nan ba sa yi, saboda in an lissafa katin da muke saye ba mu kai kuɗin hanya ta biyu ba. Lissafin kasuwa ne, na gane. To shi ya sa aka yi gwamnati.

33/ Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sabis inda kamfani ba zai ga riba ba. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Ina so ɗan majalisa ɗaya daga gabashin Sakkwato ya tashi a zauren ya nemi a karanto aikin da asusun ya yi a Isa da Sabon Birni, gunduma-gunduma. Gatawa, Tsamaye, Lajinge, Kurawa, Turba, Bafarawa, Tidibale. A karanto mu ji.

34/ Kun tuna 14 ga Maris 2024? Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a wajen gaɓar Kodibuwa. Intanet ya yi rauni, manhajojin banki suka tsaya. Ranar nan wannan dandali kamar ana tashin alƙiyama. Bankuna na ba da haƙuri, NCC na fitar da sanarwa, minista na bayani. Kwana kaɗan ne fa.

35/ Wallahi na ga wasu daga cikin masu "a katse musu sabis" suna kuka ranar don taransifa ɗinsu ta abincin rana ta maƙale 😂 Kai da ba ka iya jure yini ɗaya, kake rubuta wa mutum dubu ɗaruruwa takardar wata uku.

36/ Ku dubi kalandar 2021 ɗin ma. Ranar 25 ga Oktoba, kwana takwas bayan Goronyo, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da eNaira a Abuja, kuɗin da sai da intanet. Ranar 13 ga Disamba aka yi gwanjon 5G, MTN da Mafab kowanne dala miliyan 273.6. Mako guda kafin nan ne aka ƙona matafiya 23 a cikin mota a Gidan Bawa. Ƙasa ɗaya ce wai.

37/ Farkon 2023 kuma aka zo da canjin kuɗi. Aka ce kowa ya koma taransifa. Takardar naira ta ɓace, manhajojin banki suka durƙushe ko a birane saboda cunkoso. Mu da ke bakin iyaka da sanda ɗaya ta 2G fa? A kasuwanninmu sefa ce ta rufa wa wasu asiri. Kuɗin Nijar, sabis ɗin Nijar, mafakar Nijar. Sannan a zo ana tambayar mu kishin ƙasa.

38/ 'Yan uwana masu rubuta manhaja, ku ma ku matso, ba ku tsira ba. Kuna gwada aikinku a ofis mai sanyi da intanet mai gudu, ya yi aiki, ku tafa. Ku ɗauko shi ku zo tashar motar Isa ranar kasuwa ku gwada.

39/ Ga abin da ke faruwa in an ce "an cire bai shiga ba". Wayarka ta aika umarni, ya isa banki, banki ya cire kuɗin. Amsar da za ta dawo ta ce an gama ita ce ta ɓace a hanya, don sabis ya ɗauke na daƙiƙa biyar. Manhaja ta gaji da jira ta rubuta maka cewa bai yi ba. Kai kuma ka sake dannawa. An cire sau biyu.

40/ Maganin wannan sananne ne, ba sabon ilimi ba. Kowace taransifa a ba ta lambarta tun daga waya. In umarni ya iso sau biyu da lamba ɗaya, banki ya gane abu ɗaya ne ya yi sau ɗaya. In amsa ta ɓace, manhaja ta ce "ban sani ba tukuna, ina dubawa, kada ka sake". Wanda ya rubuta "bai yi ba" alhali bai sani ba, ƙarya ya koya wa na'ura.

41/ Wani banki, ba zan kama suna ba, ya riƙe wa ƙanwata kuɗin da ya maƙale a POS sama da mako uku. Da ta kira aka ce ta zo reshe ta cike fom. Reshen yana Sakkwato. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya kusa rabin abin da take bi, ban da hanyar da sai da addu'a. Alhali tun Yuni 2020 CBN ya ce irin wannan a mayar cikin awa 72.

42/ A Janairu 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, aka ce don a inganta aiki. Farashin ya iso Sabon Birni rana ɗaya da Maitama. Shi kam bai tsaya jiran rakiyar sojoji ba.

43/ Masu cewa "to me kake so a yi, a zuba musu ido?" A'a. A bi layin da ya kira, ga rajista nan. A kama infoma da hujjar kiransa a kai shi kotu. In soja za su shiga wani daji suna buƙatar a kashe turke ɗaya ko biyu na wasu awoyi, wannan magana ce da za a iya zama a kai. Ya bambanta da a kashe ƙananan hukumomi 14 a tafi a bar su.

44/ Kuma kada a sake yin sa da wasiƙa kawai. A je gaban alƙali, a rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, a bar 112 a buɗe. Kotun ECOWAS ta riga ta yi magana: a Yuni 2020 ta ce katse intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa doka, a Yuli 2022 ta ce haka kan rufe Twitter da Najeriya ta yi. Na Twitter kun yi ta ihu kuna sauke VPN. VPN ba ya aiki inda babu turke, ku sani.

45/ A sa wa turakun bakin iyaka sola da batura masu kyau don a rage jiran motar gas. A ba su hanya ta biyu, ko ta tauraron ɗan Adam ce. A tilasta wa kamfanoni su bar layin wani ya hau turken wani a irin yankunanmu, yadda in na kamfaninka ya mutu za ka kira ta na maƙwabcinsa. Wayarka tana yin haka in ka tsallaka Maraɗi. Me ya hana ta yi a Gatawa?

46/ Kafin su yi, ku matasan gida ga naku. Ku sa wa sim ɗin iyayenku lambar kulle, don in an ƙwace waya a cire sim a sa a wata, ba zai buɗe ba balle a shiga banki ta USSD. Ku kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Layin da ke jikin banki a riƙa sa masa ko na naira ɗari ana kira da shi, ko mutum yana Nijar. In dole sai an ba direba kati, a canza lambar ranar da aka samu dama.

47/ In sabis ya ɗauke a garinku, ku rubuta rana da awa, da lokacin da ya dawo. Ku kai ƙara wajen kamfani, in ba su yi komai ba ku kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne. Ku sako mani nan ma, ina tarawa gari-gari. Jami'i yana iya musa "kullum ba sabis". Takarda mai kwanan wata arba'in a jere tana da wuyar musu.

48/ Masu "a katse" kuma, abu ɗaya nake nema a hannunku. Ku kawo mani rahoton da wata hukuma ta fitar bayan rufewar 2021, mai nuna hari nawa aka yi a Isa da Sabon Birni wata uku kafin a rufe, nawa aka yi ana rufe, infoma nawa aka gurfanar. Shekaru sun wuce, lokacin rubuta shi ya isa. Ku liƙa shi a ƙarƙashin zaren nan. Zan buɗe in sabis ya bari.